Wasiƙa ga Edita: Kada Kuɗin Mai Ya Bi Sahun Gyaɗa da Yuraniyom

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku domin in sa baki cikin muhawarar da ake yi kan hanyoyin ƙarfafa tattalin arzikin ƙasarmu Nijar. Sana'ata sayen wake da aya da riɗi a kasuwannin ƙauyukan jihar Maradi, daga Cadawa zuwa Gazawa, daga Mayahi zuwa Gidan Rumji, kuma abin da zan faɗa a bakin buhu da tiya na koye shi, tare da ɗan abin da na karanta da wanda na ji daga dattawan da suka riga ni shiga kasuwa. Abin da ya tayar da ni shi ne yadda kusan duk mai magana kan arzikin ƙasa a 'yan shekarun nan yake farawa da man fetur ya ƙare da yuraniyom, kamar dai mutane takwas cikin goma na 'yan ƙasar nan ba da noma da kiwo suke rayuwa ba.

Mu mutanen Maradi muna da dalilin yin taka-tsantsan da irin wannan murna, domin mun taɓa ganinta da idonmu. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai a 1960, gyaɗa ce take kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga waje, kuma yankin Maradi da Damagaram su ne zuciyar nomanta. Gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin ya riƙa saye yana fitarwa, garin nan yana da masana'antar matsar man gyaɗa tun zamanin Turawa, kuma da yawa daga cikin gidajen alhazan da ake ji da su a yau daga cinikin gyaɗa kakanninsu suka tashi. Sai fari ya zo, ya yi tsanani a 1973 da 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, manoma suka koma ga gero da wake domin ceton ciki, cinikin da aka gina gari a kansa ya watse cikin 'yan shekaru. Allah ya sa a daidai lokacin ne yuraniyom ɗin Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, ya yi tsada a kasuwar duniya, aka gina manyan gine-gine a Yamai, aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka ɗauki ma'aikata, aka kuma ci bashi bisa zaton cewa gobe za ta fi yau. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashin ya tsaya daram, kuɗin shiga suka tafi, kuma duk wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1990 zai ba ka labarin watannin da aka yi ta yi ba albashi.

Yanzu ga na uku ya iso. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram tana aiki tun 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, bututun da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, an gina shi ne domin ɗaukar ganga 90,000 a rana, kuma a 2024 aka fara lodin ɗanyen manmu a jirgin ruwa. Wannan alheri ne babba, ba mai musun haka. Amma rijiyar mai tana ƙarewa, farashinsa a wasu ƙasashe ake yanka shi, kuma haƙarsa ba ta ɗaukar ko kaso ɗaya cikin ɗari na matasan da suke isa aiki kowace shekara. Shawarata ta farko, wadda sauran duka suke rataye a jikinta, ita ce a ɗauki kuɗin mai a matsayin jari na ɗan lokaci da aka ba mu domin mu gyara noma da kiwo da kasuwa, a kuma ɗaure wannan niyya da doka tun kuɗin ba su saba da hanyar albashi da motocin ofis ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya tanadi cewa a buga yarjejeniyoyin haƙar ma'adinai da kuɗin da suke kawowa a jaridar gwamnati, a zuba jari a noma da kiwo da lafiya da ilimi, a kuma kafa asusu domin 'ya'ya da jikoki. Magana ce mai kyau a takarda, kuma ko wane tsarin mulki ƙasa ta ɗauka nan gaba ya kamata ta riƙe ta. Sai dai maƙwabciyarmu Cadi ta nuna cewa rubutu kaɗai ba ya tsare kuɗi. A 1999 ta yi dokar da ta keɓe kashi 10 cikin ɗari na kuɗin manta domin masu zuwa, amma shekaru kaɗan bayan man ya fara gudana aka sauya dokar, aka buɗe asusun, aka kashe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Abin da zai tsare irin wannan asusu shi ne idon jama'a: a riƙa faɗa a rediyo, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Kanuri, ganga nawa aka sayar a wata uku, nawa aka samu, nawa aka biya bashi, nawa ya shiga asusu. Mai kiwo a Dakwaro yana iya lissafin garkensa ba tare da alƙalami ba, saboda haka ba lissafin ganga ne zai gagare shi ba.

To, a ina za a zuba kuɗin? Bari in fara da abin da na fi sani, ko da yake faɗinsa ba zai yi wa 'yan sana'ata daɗi ba. Babban ciwon manomin ƙasar nan shi ne rashin ƙarfin jira. Yana girbe wakensa a kaka, a lokacin da kowa ya girbe, bashi yana jiransa, ga kuɗin makaranta, ga biki, ga magani, sai ya kwashe ya kai kasuwa a farashi mafi ƙasƙanci na shekara. Mu 'yan kasuwa mu saya mu ajiye. Da bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, shi wannan manomi zai dawo ya sayi hatsi ko iri a hannunmu da tsada. Mafi muni shi ne wanda yunwar damina ta sa ya karɓi kuɗi ko hatsi a kan amfanin da bai ma nuna ba, bashin da mutanenmu suka raɗa wa suna a-ci-ba-daɗi. Na ci riba a wannan bambancin farashi, ba zan ɓoye ba, amma na daɗe da gane cewa kasuwar da masu sayenta suke talaucewa kowace shekara ba ta da inda za ta je.

Maganin wannan ciwo sananne ne, kuma a nan ƙasar aka gwada shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake aiki da tsarin da ma'aikatan gona suke kira warantaj: ƙungiyar manoma ta tara amfaninta a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun bashi, a ba kowane manomi rancen mafi yawan kuɗin kayansa bisa farashin kaka, ya yi kiwon turka ko noman rani ko ƙaramar sana'a da su, bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe sito, ya sayar a lokacin da kaya suka yi daraja ko ya kai gida ya ci. Matsalar ƙwaron wake ma an samo mata magani, domin masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a nan Maradi, tare da jami'ar Purdue ta Amurka, sun gwada buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda yake toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da an zuba guba ba. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, saboda haka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya hana tsarin yaɗuwa shi ne ƙarancin sito mai kyau da ƙarancin kuɗi a hannun asusun da ke ba da rance, ga kuma tsoron da suke yi na shekarar da farashi zai ƙi tashi. Nan ne ya kamata kuɗin mai ya shiga: a gina sito a kowace babbar kasuwar ƙauye, a ba bankin manoma na BAGRI da ƙananan asusun bashi kuɗi mai sauƙin ruwa da aka keɓe wa wannan aiki kaɗai, gwamnati kuma ta tsaya a matsayin mai lamuni idan shekara ta zo da gardama. Ga masu ƙyamar bashi da ruwa saboda addini, kuma suna da yawa a cikinmu, malamai da masana harkar banki suna iya tsara shi bisa kuɗin ajiya da raba riba, kada a bar rabin manoma a waje saboda abin da za a iya gyarawa a zama ɗaya.

Wanda yake shakkar cewa talaka zai riƙe amanar bashi, ya dubi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maradi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE. Mata ne suke zuba ɗan abin da suke da shi kowane mako a cikin akwati, suna ranta wa junansu, suna raba riba a ƙarshen zagaye, kuma tsarin ya yi kyau har ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suka kwaikwaye shi. Haka ma sassaben zamani, wato barin kututturen gawo da kalgo da sabara su tofo a gona maimakon a tumɓuke su, a yankin nan ya kafu a shekarun 1980, ya bazu daga manomi zuwa manomi har ya mayar da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne ranar da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba wanda zai zo ya ci shi tara don ya sare reshe. Duk waɗannan abubuwa biyu ba su ci biliyoyi ba, kuma sun fi ayyuka da yawa da aka buɗe da kiɗa da jawabi daɗewa.

Daga ajiya sai gyara. Jar akuyar Maradi ta yi suna har ƙetare saboda laushi da ƙarfin fatarta, kuma tun ƙarnonin baya ake ɗaukar irin wannan fata ta hamada zuwa arewacin Afirka, Turawa su saye ta da sunan fatar Maroko. Garin nan ya taɓa mallakar majemar zamani ta SONITAN, amma ta daɗe da tsayawa, yanzu mafi yawan fatunmu ɗanyu suke tsallaka iyaka, a jeme su a Kano, wasu su wuce Turai, mu kuma mu sayi takalmin roba daga Sin. Ayar da ake nomawa a Agiye da Cadawa da Madarumfa tana kaiwa har Sifaniya, inda ake yin abin sha da ita, amma wanki da zaɓe da busarwar da suke ninka darajarta a wani wuri ake yin su. Riɗi haka, albasar Galmi haka, wadda kaso mai yawa nata yake ruɓewa kafin ya kai Abijan ko Akara. Dabbobi kuwa da ƙafafunsu suke tafiya, su bar mu ba fata, ba ƙashi, ba aikin mahauta, alhali kilishinmu ba shi da na biyu.

Idan ka tambayi duk wani mai kuɗi a Maradi dalilin da ya sa ya gwammace ya sayi fili ko ya yi odar shinkafa maimakon ya kafa injin gyaran aya, amsarsa ta farko wuta ce. Wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake da lantarki a Nijar, kuma yankinmu da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa ya dogara. Mun ga abin da hakan yake nufi a 2023, lokacin da takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa mana bayan juyin mulki ya sa Najeriya, wadda a lokacin take ba mu kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da muke sha, ta katse layi har zuwa farkon 2024. Masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara da teloli sun ɗanɗana kuɗarsu. Madatsar Kandaji, mai ƙarfin megawat 130, an aza tubalinta tun 2008, kuma ko ta kammala tana can yamma, nesa da mu. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 da ta Malbaza mai megawat 7 sun nuna cewa ranar da take ƙona mu tana iya yi mana aiki. Ina ganin kafin a yi maganar manyan masana'antu, a keɓe fili a gefen Maradi da Tasawa da Ƙonni, a ba shi tashar rana tasa da ruwa da hanya, a tabbatar wa duk wanda ya kafa inji a wurin cewa zai samu wuta daga safe zuwa yamma a farashin da ya sani. Injin wanke aya ko matsar riɗi da rana yake aiki, ba ya bukatar wutar dare. A kuma cire kuɗin duwan a kan faifan rana da famfon ban-ruwa da injinan gyaran amfanin gona na tsawon shekaru sanannu, a rubuce, ba sai wanda ya san wani a Yamai ba.

Maganar famfo ta kawo ni ga ruwa, kuma a nan ba zan tsawaita ba. Gulbin Maradi ya rage gudu tun da aka gina madatsar Jibiya a samansa, ko da yake ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, kuma akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971 wadda wannan aikinta ne. A tayar da wannan yarjejeniya. Masu lambu a Jiratawa, da zogalensu da tumatir da alkama, sun isa shaida cewa inda ruwa ya samu, matashi ba ya tafiya ci-rani.

Yanzu ga batun da na fi so hukumomi su saurara da kunnen basira, wato iyaka. Maradi da Katsina da Kano kasuwa ɗaya ce tun kafin Bature ya ja layi, kuma babu wata dabarar tattalin arziki da za ta yi aiki a nan idan ta yi kamar Ɗan Isa, garinmu na bakin iyaka, ita ce ƙarshen duniya. Dabbobinmu da wakenmu can suke da masu saye, mu kuma masara da taki da kayan masarufi da yawa daga can suke zuwa. A 'yan shekarun nan an rufe wannan ƙofa sau biyu, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da hukuncin Najeriya, sannan bayan Yulin 2023 da takunkumi, kuma kowane karo kaya ba su daina wucewa ba, sun dai koma hanyoyin daji, inda baitulmali ba ya samun ko dala, ɗan kasuwa yana biyan ninki, 'yan bindiga kuma suna samun abin tarewa. Ficewarmu daga CEDEAO a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso hukunci ne na siyasa wanda ba shi ne abin da ya kawo ni ba. Abin da nake cewa shi ne, tunda inuwar da cinikinmu da Najeriya yake fakewa a ƙarƙashinta ta gusa, wajibi ne a zauna a ƙulla yarjejeniya ta kai tsaye tsakanin ƙasashen biyu kan dabbobi da amfanin gona da zirga-zirgar mutane. Layin dogon Kano zuwa Maradi, mai kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, zai iso ko ba daɗe ko ba jima, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ya same mu ba tashar sauke kaya, ba sito, ba mayanka mai sanyi, zai zo mana cike ya koma fanko.

Haka nan ina roƙon a yi hattara da hana fitar da kaya ba zato ba tsammani. A Oktoban 2024 an hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na ƙawancen AES ba, wato ƙawancenmu da Mali da Burkina Faso, a Mayun 2025 kuma aka hana fitar da dabbobi gab da Babbar Salla. Na fahimci niyyar, kuma ba zan raina ta ba, domin wanda ya ga yunwar 2005 a jihar nan, ya ga yaran da aka kwantar a cibiyoyin tamowa, ba zai yi wasa da maganar abinci ba, kuma magidanci a birni yana da haƙƙin samun ragon layya da ƙarfinsa zai kai. Amma a duba ɗaya gefen. Makiyayi ko matar da ta turke rago wata shida tana sayen dusa da harawa, lissafinta a kan farashin Salla ta yi shi, kuma idan aka karya farashin da sanarwa guda, ita ce ta biya wa mutumin birni rangwamen daga aljihunta. Baɗi ba za ta turke ba, ko ta bi da shi ta daji. Mai saye na Kano ko Legas da aka juya masa baya sau ɗaya zai nemi wata kasuwa a Cadi ko wani wuri, kuma dawo da shi ya fi korarsa wuya. Hanyar da ta fi ita ce a ƙarfafa rumbun ƙasa na OPVN, ya riƙa sayen gero da dawa kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma a kaka, a biya su nan take, ya fitar a farashi mai rahusa da bazara. Idan kuwa dole sai an taƙaita fitarwa, a sa ƙa'ida sananniya tun farkon shekara, a ce idan tiya ta kai kaza za a rufe, idan ta sauko za a buɗe, kowa ya yi lissafinsa a kan haka.

Akwai kuma harajin da ba ya shiga baitulmali. Na taɓa raka mota ɗaya ta wake a tafiyar da ba ta kai yini ba, na ƙirga wuraren da aka tsayar da mu har na gaji da ƙirga, kuma a wuri biyu kacal aka ba mu takardar shaida. Wannan kuɗi daga farashin da nake ba manomi nake cire shi, ba daga ribata ba, kuma duk ɗan kasuwar da ya ce maka ba haka yake yi ba, bai gaya maka gaskiya ba. Ƙasashen UEMOA, wato na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sun sa wa kansu burin tara harajin da ya kai kashi 20 cikin ɗari na arzikin da ƙasa take samarwa a shekara, mu kuwa wajen rabin haka muke tarawa. Ba za a cike wannan giɓi da matsa wa mai tebur da mai baro ba. Za a cike shi ne idan aka rage yafe haraji ga manya, aka haɗe ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa barkatai suka zama guda ɗaya da kowa ya san adadinsa, aka kuma ba mutane damar biya ta wayar hannu domin kuɗin su wuce kai tsaye ba tare da sun kwana a aljihun kowa ba. Mu ma 'yan kasuwa da namu laifin, domin da yawanmu ba ma rubuta ciniki, muna ɓoye na gaskiya, sannan mu yi kukan banki ya ƙi ba mu rance. Amma mutum ya fi sakin hannu idan ya ga lanhon da ya biya ya zama magudanar ruwa a unguwarsa ko rumfa a kasuwarsa, shi ya sa nake ganin a bar wa ƙananan hukumomi kaso mai tsoka, a kuma tilasta musu manna lissafinsu a ƙofar ofis.

Ana yawan tambayata ra'ayina kan barin sefa a buga kuɗinmu na kanmu. Mu da muke zaune tsakanin kuɗi biyu mun san daɗi da ɗacin kowanne. Mun ga yadda aka rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya a Janairun 1994, ba tare da an shawarci mai gona ko mai shago ba, kuma mun san cewa ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya yana sa kayanmu su yi wa mai naira tsada duk lokacin da naira ta faɗi. Mun kuma ga yadda naira ta zube bayan 2023, har abokan cinikinmu na ƙetaren iyaka suka riƙa neman sefa domin su adana dukiyarsu. Ƙasa tana da 'yancin mallakar kuɗinta, amma darajar kuɗi daga abin da ƙasa take sayarwa da kuma kamun kan masu buga shi take fitowa. A fara cika rumbu da sito da asusu, sannan a yi maganar hoton da za a sa a takarda.

Duk wannan ba zai yiwu ba idan manomi ba ya iya zuwa gonarsa. A kudancin Madarumfa da Gidan Rumji, satar shanu da garkuwa da mutane sun sa an bar gonaki masu kyau ba shuka, mutane sun sayar da shanun huɗa domin biyan fansa, ga kuma dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina da muka karɓa tun 2019. Ina ganin a lissafa tsaron wannan yanki cikin kuɗin raya noma, domin sa guda da aka kora gona guda ce ta kwanta.

Abu na ƙarshe da zan taɓo shi ne ƙasa da masu gadonta. A ƙidayar 2012 jihar Maradi tana da mutane kimanin miliyan 3.4, wato kusan kaso ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasa, kuma yawanmu yana ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin ɗari kowace shekara. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ne suke raba shi, mata da yawa sun rasa gamanar da suke samun na cefane da ita, burtali ya matse, kuma ba mu manta da rikicin manoma da makiyaya da ya ci rayuka a Toda a 1991 ba. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta haifar suna da amfani, sai dai a ba su kuɗin aiki domin takardar gona ta zama abin da talaka zai iya samu a ƙauyensa. Amma ko an raba da adalci, gona ba za ta ɗauke kowa ba, kuma waɗanda ba ta ɗauka ba su ne suke cika motocin Agadas da Jado da Libiya. Su ne ya kamata a koya wa gyaran famfon rana da jima da walda da sarrafa madara da lissafin sito, a cikin harshen da suke ji, a makarantun sana'a da ke kusa da kasuwanni, tare da almajiran da suka sauke da 'yan matan da aka cire daga aji. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da sashen noma a nan garin, kuma zan so in ga ranar da ɗalibanta za su riƙa yin wata uku a sito da lambu da majema kafin a ba su takardar kammalawa. Ni da wasu abokan sana'ata a kasuwar Kadro a shirye muke mu karɓi rukunin farko, idan hukumar jami'ar ta ga dacewar hakan.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Unguwar Zariya, Maradi.